Shelter ɗin da Gwaggo Ta Ƙi Shiga

Abubuwa da yawa sun same ni a kasuwa waɗanda yanzu sai an tuna mini nake tunawa. Na taɓa yin gobara, mota ta taɓa kifewa da kayana a hanyar Funtuwa, duk sun dushe a raina. Amma wasu kwanaki uku na farkon wata damina, a wani fili da ke gefen garin Bungudu, ba na jin za su bar kaina har in koma ga Allah. A cikinsu na koyi ma'anar wata kalmar Turanci guda ɗaya. Ba a aji na koye ta ba, a cikin ruwan sama na koye ta, jiƙe sharkaf, ina da shekara hamsin da 'yan kai.

Ni ɗan kasuwa ne, kuma ba gadon kasuwar na yi ba. Da tsofaffin buhuna na fara a Tsafe, ina bin masu hatsi ina saye, in ɗinke inda ya yage, in sayar. Daga buhu na koma leda, daga leda na koma tamfol, har Allah Ya ba ni shago a Gusau inda nake sayar da tamfol da kwanon rufi da katako da ƙusa. Bokona a aji huɗu na firamare ya tsaya. Lamba ba ta ɓace mini, amma doguwar takardar Turanci sai an karanta mini. Ina kuma da wani hali da ya taimake ni a ciniki shekara da shekaru: da zarar na ji abin da nake ganin shi ne kan magana, ba na jiran ƙarshenta. Wannan halin ne ya kusa kunyata ni.

A shekarar, rashin tsaro ya taso mutanen wasu ƙauyuka da ke can bayan duwatsun Kwatarkwashi. Suka fito da abin da suka iya ɗauka, aka sauke su a wata makarantar firamare a gefen Bungudu, da yake ana hutu. Cikinsu har da Gwaggo, ƙanwar mahaifina, da autanta, wanda taubashina ne, da matarsa mai tsohon ciki. Sau biyu ina zuwa da mota in ɗauko Gwaggo zuwa gidana, sau biyu tana ƙi. "Tare munka hito da mutane," in ji ta. "Ba ni zuwa birni in kwana bisa katihwa in bar su bisa siminti." Haka take tun ina yaro. In ta ce a'a, ko mahaifina ba ya ƙara magana.

Sai hutu ya zo ƙarewa. Ran Litinin yara za su koma aji, kuma 'yan aji shida jarrabawa na jiransu. Hedimastan mutumin kirki ne, ya yi haƙuri iyakar haƙuri, amma azuzuwan na yara ne. Ga damina ta kunno kai, an riga an yi ruwa biyu. Wata ƙungiyar agaji ta samo fili a bakin babbar hanya, ta ba da aikin ɗakunan wucin gadi guda goma sha biyu, na katako da tamfol. Allah Ya sa aikin ya faɗo hannuna. Gaskiya na ji daɗi, kuma ba don aikin kawai ba. Na ce a raina, tunda Gwaggo ta ƙi gidana, to za ta shiga ɗakin da na gina mata da hannuna.

Takardar aikin shafi uku ce, duk da Turanci. Ina da wani maƙwabci, tsohon malamin Turanci da ya yi ritaya, wanda kullum da hantsi yake zama a bencin shagona yana karanta jarida yana gyara wa 'yan jarida rubutu. Na miƙa masa na ce, "Malam, akwai wata kalma da nake ta gani a nan kamar ita ce uwar takardar. Wannan shelter ɗin, mene ne?"

Ya gyara tabarau, ya gyara zama, na san na taɓo masa inda yake so. Ya ce, "Alhaji, shelter ba gida ba ne cikakke, ba kuma rumfa ce kawai ba. Duk wurin da zai kāre mutum daga abin da yake gudu, shi ne. Ruwa ne, rana ce, iska ce, ko wani abin tsoro. Mu za mu ce mafaka, wani lokaci mu ce matsuguni. Rumfar da ake jiran mota a ƙarƙashinta, Bature shelter yake ce mata. In yana lissafa abin da ɗan Adam ba ya rayuwa sai da shi, zai ce abinci da tufa da shelter. In ruwa ya kama ka a hanya ka gudu ƙarƙashin bishiya, zai ce ka yi take shelter, wato ka fake. Sannan kuma in ka ɗauki wani ka..."

Na ce, "Rufi ke nan, Malam."

"Ban gama ba."

"Ai na gane. Abin da zai tare ruwa da rana. Shekara ashirin nake sayar da shi. Karanta mini awon kawai, tsawo nawa, faɗi nawa."

Ya karanta mini awon da ke shafin farko, na rubuta lambobin a bayan kwalin ƙusa. Ya ce akwai sauran shafi biyu. Na ce sauran ai surutun ofis ne. Ya ninke takardar ya sa a aljihun gaban rigarsa. Yanzu in na tuna, na kan ga cewa mai sayar da rufi, duk abin da aka faɗa masa, rufi yake ji.

Ran Laraba na kai kafintoci da kaya. Filin yana yamma da hanya, don haka na ja igiya miƙe sambal, na ce a jera ɗakunan layi ɗaya kamar rumfunan kasuwa, ƙofofinsu duk su dubi hanya. Babban kafintan ya ɗan tsaya da guduma a hannu ya ce, "Alhaji, gabas fa ke nan." Na ce to sai me? Ba zan ɓoye muku ba, lissafi ne a kaina. Motocin da ke zuwa Sakkwato da masu dawowa Gusau duk ta nan suke bi. Duk wanda ya wuce zai ga sabon shuɗin tamfol yana walƙiya, layi ɗaya ba karkata, ya tambaya aikin wa ne. Tallar da ba a biya ba ke nan. Kafinta ya ɗaga kafaɗa ya ci gaba da buga ƙusa, don shi ba a kiran mai kaya maƙaryaci a gaban kayansa.

Ran Juma'a da yamma muka gama. Ban rage komai ba, wannan ko maƙiyina zai shaida. Tamfol mai kauri na sa, katakon ba mai tsutsa ba ne, ƙusa kuma ban yi mata rowa ba. Na tsaya a bakin kwalta na duba, na ce wa kaina ko a birni wannan aiki ne.

Ran Asabar bayan azahar na ɗauki Malam a a-kori-kurata, don in wani jami'in ƙungiyar ya zo a samu mai yi masa Turanci, kuma, in faɗi gaskiya, don ya ga aikina. Na biya makarantar na ce wa mutane su fara ɗaure kaya. Gwaggo ta ce a dakata, sai ta gani tukuna. Ta shiga gaban mota ita da wasu tsofaffin mata biyu, Malam ya koma baya kan katako.

Ta bi layin tun daga ɗakin farko har na goma sha biyu, tana dogara sandarta. Ta leƙa ciki, ta taɓa tamfol, ta fito. Ta tsaya a ƙofar ɗaki ɗaya ta dubi hanya. Daidai lokacin wata babbar mota ta wuce, yaran mota a sama suna kallonmu, ɗaya har da ɗaga hannu. Sai ta juyo.

"Alhajin birni," in ji ta, "daga ina hadari ka tasowa garinku?"

Ba ta jira amsata ba, ta ci gaba.

"Mu dai garinmu daga gabas shika zuwa. Shi ya sa tun kakanninmu ba a ba gabas ƙohwa. Ko birni an canza mai hanya?"

Sauran matan suka rufe baki da gefen mayafi. Na ce, "Gwaggo, tamfol ne mai ƙarfi, za a sa labule."

"To na ji. Wagga yarinya da ka ga cikinta, yau ko gobe ta. Uwatta tana can wani gari, ban san ma inda sunka sauka ba, ni ka yi mata jego. Kwana arba'in, sahe da marece, ruwan zahi da ganye. Gwada mani inda za ta yi wankan. Nan bakin hanya, gaban masu mota? Ina murhu? Ina za mu shanya tsummoki? Ina awakinmu? In baƙo ya zo, ina zai tsaya ya yi sallama, tunda daga kwalta ana hangen tabarmar mutum?"

Raina ya ɓaci. Na yi kwana uku a rana, ban zauna shago ba, ga shi ana yi mini tambayoyi kamar yaron da ya zubar da nono. Sai na faɗi maganar da har yau nake jin kunyarta. Na ce, "Gwaggo, kyauta fa aka ba ku. Mutumin da ke kwana a aji ba ya zaɓen ƙofa."

Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Ba mu ce ba mu gode ba. Allah Shi saka. Amma gida munka rasa, ɗana, ba kunya ba. Can aji mun toshe tagogi da zannuwa, ƙohwa guda ta, maza na waje. Nan ko ba mu shiga." Ta juya ta kama hanyar makaranta da ƙafa, sauran suka bi ta. Na ce su tsaya in kai su, ko waiwaye.

Wayata ta yi ƙara. Hedimasta ne, yana tambaya cikin ladabi ko yau za a kwashe, don yana so gobe a share azuzuwa. Na ce masa ana kai. Na kashe waya ina kai da kawowa a gaban layin nan, ina ta faɗa wa Malam cewa mutanen ƙauye ba su san abin arziki ba. Na ce in sun ƙi, Litinin za ta koya musu hankali, ai in aka fitar da su dole su zo. Amma can cikin raina na san Gwaggo. Za ta iya shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin darbejiyar makaranta da mai ciki da komai, ta zauna a nan, ruwa ya dake su, kuma duk Bungudu a ce ɗan ɗan'uwanta ne ya yi ɗakunan da aka ƙi.

Malam kuwa ya ɗaga kai sama. Gabas yake kallo. Na bi idonsa, sai na ga hadari ya haɗo baƙi ƙirin daga wajen duwatsu. Ko la'asar ba a kira ba, gari ya yi duhu. Kafin mu kai ga mota iska ta iso, ta kwaso ledoji da karmami tana watsa mana. Muka faɗa ɗaki mafi kusa.

Ba zan manta ƙarar ba. Iskar ta shigo ta ƙofa kai tsaye, ta rasa wurin fita, sai tamfol ya kumbura kamar buhun da aka hura, katako na kuka. Ruwan kuma ba daga sama yake saukowa ba, a kwance yake zuwa, ya shigo ta ƙofa ya daki bangon baya. Babu lungun da za ka tsaya. Na cire babbar rigata na tare ƙofa da ita, iska ta fizge ta daga hannuna. Ina ji wani ɗaki a can ƙarshen layi ya yi ƙara kamar an yaga sabon yadi, sai wani, sai wani. Rufin da ke kanmu ko ɗigo ɗaya bai yi ba, amma ruwa ya kai mana idon sawu.

Malam ya manne a kusurwa, tabarau a hannu, ruwa na bin gemunsa. Ya ɗaga murya don in ji, ya ce, "Alhaji! Ka tuna take shelter da na gaya maka? To ga mu nan mun fake!"

Ban yi dariya ba a lokacin. Abin da ke kaina shi ne, da Gwaggo ta bi maganata, da yanzu yarinyar nan mai ciki ce a tsaye inda nake, da tsofaffi, da jarirai, da ɗan hatsin da suka tsira da shi.

Da ruwan ya tsagaita muka fito. Ɗakuna uku sun yage, ɗaya ya kwanta. Sai ga taubashina ya taho daga makaranta, ya kifa buhu a ka, busasshe sarai. Ya dube ni daga hula har takalmi ya ce, "A'a, mai gida! Wanka kaka yi? Ashe da banɗaki anka haɗa ɗakunan, ba a hwaɗa muna ba." Da wata rana ce da na rama, don tsakaninmu ba a barin bashi. 

A mota Malam ya zaro takardar nan daga aljihu, ta jiƙe ta manne. Ya ɓamɓare shafi na biyu a hankali ya ce, "Yanzu in karanta surutun ofis?" Na ce karanta. Abin da ke ciki shi ne, kafin a kafa ko dirka ɗaya, a zauna da waɗanda za su shiga, musamman mata, a ji yadda suke son a tsara wurin. Ya ninke ya ce, "Abin da ka katse ni ina faɗa ran nan shi ne, kalmar ba sunan wuri ce kawai ba. Bature yana amfani da ita ga abin da mutum yake yi wa mutum, ya ɗauke shi ya kāre shi. To ta yaya za ka kāre mutum ba ka tambaye shi abin da yake gudu ba?"

Kwana ɗaya ya rage. Ran Lahadi, gari na wayewa, ina ƙofar ajin da Gwaggo take. Na cire takalmi na durƙusa, abin da na daɗe ban yi wa kowa ba. Na ce, "Gwaggo, na yi kuskure, kuma na yi miki maganar banza. Ki zo ki nuna mini." Ta dube ni ta ce, "Ka karya?" Na ce a'a. Ta sa aka miƙo mini kunu, sai da na shanye sannan ta ɗauki sandarta.

A kan jiƙaƙƙiyar ƙasar filin ta zana mini da bakin sanda. Ɗaki uku-uku, gida huɗu ke nan. Kowane ɗaki ya ba gabas baya. A kewaye kowane gida da zana. Ƙofar shiga kada ta miƙe, a sa wata zanar a gabanta yadda mai wucewa ba zai hango tsakar gida ba. Ga kusurwar wanka da ɗan magudanar ruwa, ga wurin murhu, ga turken awaki, ga makewayi can nesa, kuma kada mai tsugunawa ya fuskanci alƙibla. Minti goma ba ta yi ba ta gama. Ni da nake taƙama da shekara ashirin a harkar rufi, ko ɗaya daga ciki bai zo mini a rai ba, alhali a irin wannan gidan aka haife ni.

Na ce wa kafinta sai an kwance komai. Taubashina ya ce wane irin kwancewa, ana da maza? Ya koma makaranta ya dawo da su, mutanen da suka yi makonni a zaune a gindin bishiya ba abin yi, waɗanda ban taɓa tunanin in ce su zo su kama mini ba. Suka tone gindin dirkoki, mutum goma suka shiga cikin ɗaki suka ɗaga shi gaba ɗaya. Sai ka ga ɗaki yana tafiya da ƙafa ashirin, wani na ihu a waje, "Dama! Dama! Kai, hagunka ta dama?" Ranar na fara jin dariyarsu.

Matsalar ita ce zana. Farkon damina kowa ya gyara dangarsa, ta yi wuya. Na tura a nemo karan dawa a Rawayya, ni kuma na taka mota sai Tsafe. Na zaga duk inda na sani, na sami kaɗan. Na wuce Kucheri wurin wani dattijo mai saƙar zana da na sani tun ina bin buhuna. Ya ce wadda ta rage ta gidansa ce, gobe zai kafa. Na gaya masa ta mai jego ce. Bai ƙara tambaya ba, ya ce a loda. Ranar ce rana ta farko a rayuwata da na sayi abu ban yi ciniki ba.

Ina hanyar dawowa, ido ɗaya a kwalta ido ɗaya a gabas, hedimasta ya sake kira. Ina kashewa taubashina ya kira, kuma wannan karon babu wasa a muryarsa. Naƙuda ta tashi. Ban san yadda na ratsa Gusau ba. Na watsar da zanar a fili, na ɗauki yarinyar da Gwaggo zuwa asibitin cikin gari. A bakin ƙofa na tsaya ina ta juyi, na rasa abin yi da hannuwana. Gwaggo ta leƙo ta ce, "Mi kaka jira? Nan ba aikinka ba na. Koma. In mun dawo da jinjiri, in iske tukunya bisa wuta, bayan zana."

Na koma. Maza na kafa dirka, mata na ɗaure kara da igiyar rama, da saurin da kafintocina suka tsaya suna kallo. Zanar ba ta isa gida huɗu ba, aka cike da darnin kara, inda kara ya ƙare aka yi amfani da tamfol ɗin da iska ta yaga. Kafin magariba mutane sun fara kwaso kaya da kansu, ba wanda ya ce musu su taho. Hadari ya sake haɗowa, na tsaya ina kallonsa. Ya zubar da abin da zai zubar a bayan ɗakunan ya wuce. Na bi su ɗaya bayan ɗaya ina shafa ƙasa da tafin hannu. A bushe.

Ran Litinin da hantsi na ɗauko su daga asibiti, an sami 'ya mace. Muka wuce makarantar, yara na ta karatu da ƙarfi a azuzuwan da aka share. Da muka iso filin na rage gudu na duba daga kwalta, yadda na duba ran Juma'a. Babu layi, babu shuɗin tamfol mai walƙiya. Zana ce da kara, ruwan ƙasa, irin wadda za ka wuce ba ka waiwaya ba. Tallata ta tafi. Abin da kawai ake gani shi ne hayaƙi yana tashi daga kusurwar gidan farko, da ƙanshin dafaffen ganyen darbejiya.

Mata suka fito da guɗa suka karɓi mai jego da jaririya suka shige. Na ɗauki ƙullin kayansu na bi bayansu, kaina tsaye, kamar yadda nake shiga ko'ina a filin nan tun ran Laraba. Sai sandar Gwaggo ta tare ni a ƙirji.

"Ina za ka?"

Na ce, "Kayan zan shigar."

"Aje nan. Gidan mutane na. In kana son shiga, yi sallama, ka jira a amsa ma."

Na dube ta, ba wasa take ba. Na ajiye ƙullin, na ja da baya, na tsaya a gaban zanar da ni na ɗauko ta daga Kucheri, na ce, "Salamu alaikum." Daga ciki wata murya ta ce, "Wa alaikumus salam, a dakata, ana wanka." Taubashina ya kwashe da dariya har da riƙe ciki. Malam, da ya biyo ni don ya ga ƙarshen abin, ya matso kusa da kunnena ya ce, "To Alhaji, ka tambaye ni shelter. Ga shi nan."

Sun yi damina biyu a wurin kafin Allah Ya sa suka koma gida. Gwaggo ta rasu bayan wasu shekaru, a ɗakinta na ƙauye, mai ƙofa a yamma. Yarinyar da aka haifa tana makaranta yanzu, kuma in ta zo Gusau takan ce mini Baban tamfol.

Har yau rufi nake sayarwa, kuma ban raina shi ba. Amma na gane rufi kaɗai ba ya zama mafaka. Mai ginawa ba shi ne zai ce an sami mafaka ba, sai wanda zai kwana a ciki, domin shi ya san abin da yake gudu, kuma ba kullum ruwa ne kawai ba, wani lokaci idon mutane ne. Wanda ya rasa gida bai rasa sanin yadda ake zama a gida ba. Tun daga ranar, duk wanda ya zo shagona zai yi wa wani gini, kafin in auna masa ko yadi ɗaya sai na tambaye shi abu biyu: ina ƙofar za ta duba, kuma ka tambayi masu shiga? In kuma ana karanta mini takarda, ina zama a ji shafi na biyu.